Shirye-shiryen al'adu a gidajen rediyon Katsina

Shirye-shiryen al'adu a gidajen rediyon Katsina su ne shirye-shiryen da tashoshin rediyo na birnin Katsina ke gabatarwa a kan kiɗa da waƙa, wasan kwaikwayo, tatsuniyoyi, tarihin gari, sana'o'in gargajiya da bukukuwan sarauta. Kusan duka da Hausa ake yin su. A Katsina, aikin da a wasu ƙasashe ake barin wa rediyon al'umma, wato ƙaramar tashar da mutanen gari suka mallaka kuma suke gudanarwa da kansu, ya daɗe a hannun gidajen rediyon gwamnati, daga baya kuma na 'yan kasuwa suka shigo. Wannan ya yi tasiri a kan irin al'adun da ake ji da waɗanda ba a ji.

Tarihi

Rediyo ya shigo Arewacin Najeriya a zamanin Turawan mulkin mallaka ta hanyar akwatunan da ake ja musu waya daga tasha guda zuwa gidaje da wuraren taruwar jama'a. An buɗe irin wannan tasha a Kano a shekarar 1944, sannan abin ya bazu zuwa sauran manyan garuruwan Arewa, har da Katsina. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957. Amma gidan da ya fi shiga rayuwar Katsinawa shi ne Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, kuma ya koma ƙarƙashin hukumar Rediyon Tarayya a 1978. Shirinsa na gaishe-gaishe, Zaɓi Sonka, da wasannin kwaikwayo irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, sun zama abin koyi ga tashoshin da suka biyo baya.

Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, sabuwar jihar ta samu gidan rediyo da na talabijin nata. Daga baya Rediyon Tarayya ya buɗe tasharsa ta Companion FM a Katsina. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai ita ce ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi, kuma da ita tashoshi masu zaman kansu irin su Vision FM suka samu hanyar zuwa birnin.

Rediyon al'umma ya makara a Najeriya. Sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisi 17 na farko a duk faɗin ƙasar. A Jamhuriyar Nijar kuwa, wadda ke iyaka da Jihar Katsina, an fara kafa irin waɗannan tashoshi tun 1999, daga garin Bankilare.

Kiɗa da waƙa

Waƙar baka ita ce ginshiƙin waɗannan shirye-shirye, kuma a nan ne rediyo ya fi canja abubuwa. A da, makaɗin fada ubangidansa yake yi wa waƙa, a ƙofar fada ko wurin hawa, kuma wanda ba ya wurin bai ji ba. Muhammadu Sarkin Taushin Katsina, makaɗin Sarkin Katsina Usman Nagogo wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, yana cikin waɗanda rediyo ya fitar da muryarsu daga fada zuwa rumfunan kasuwa da gonaki. Waƙar da aka yi don mutum ɗaya sai ta koma ta kowa, har yara suna haddace kirarin sarakunan da ba su taɓa gani ba.

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya rasu a 1999, shi ne wanda sunansa ya fi haɗuwa da rediyo. Kiɗan kalangu yake yi, bai ɗaure kansa ga fada guda ba, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da yake a baka yake tsara waƙoƙinsa, ba a rubuce ba, abin da ya rage na aikinsa shi ne abin da aka ɗauka a faifai da kaset, kuma ma'aikatan rediyo na cikin waɗanda suka fi ɗauka. Har yau ana sa waƙoƙinsa a tashoshin jihar, masu saurare kuma kan kira su yi gardama a kan wanda aka yi wa wata waƙa da dalilin yin ta.

Ga mata, rediyo ya yi wani aiki na daban. Kiɗan ƙwarya da amada na cikin gida ne, a bikin aure ko suna, inda maza ba sa shiga. Barmani Choge ta ƙasar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da shi fili, waƙoƙinta a kan kishiya da sana'ar mata suka kai kunnen mazan da ake zance a kansu. Matan da ke cikin kulle su ma sun samu hanyar jin abin da ke gudana a waje ba tare da sun fita ba.

Mawaƙan zamani da ke ɗaukar waƙa a sutudiyo da fiyano da kwamfuta sun karɓe babban kaso na lokacin da ake ba waƙa. Daga cikinsu akwai Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, wanda ya yi suna da waƙoƙin siyasa.

Tarihi, bukukuwa da harshe

A lokacin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah tashoshi kan kawo bayanin hawan Sarkin Katsina, mai gabatarwa yana faɗin sunan kowane hakimi da sarautarsa yayin da tawagarsa ke wucewa. Ga wanda ke ƙauye ko ƙasar waje, wannan bayani shi ne hawan. A watan azumi tafsiri ke cin mafi yawan lokaci.

Shirye-shiryen tarihi kan koma ga abubuwan da gari ke alfahari da su: hasumiyar Gobarau, waliyyai Ɗan Marina da Ɗan Masani, ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, kufan Durɓi ta Kusheyi, da Kwalejin Katsina inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Mafi yawan abin da ake faɗa daga bakin dattawa da masu sarauta yake fitowa, don haka riwayar fada ce ta fi rinjaye. Tarihin marina, majema, maƙera da masaƙa bai cika samun mai ba da shi ba.

Akwai kuma batun karin harshe. Labarai ana karanta su da daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan Kananci, amma a shirin kiran waya da wasan kwaikwayo Katsinanci ke fitowa yadda yake. Wannan karin ya yi kusa da na Maraɗi, garin da sarakunan Haɓe na Katsina suka koma bayan jihadin ƙarni na 19. Tsakanin biranen biyu bai kai kilomita 100 ba, kuma a garuruwan kan iyaka irin su Jibiya ana kama tashoshin ɓangarorin biyu.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Tashoshi da talla da sayar da fili suke rayuwa, kuma masu sayen fili galibi 'yan siyasa ne, masu maganin gargajiya da ƙungiyoyi. Shirin tatsuniya ko hira da tsohon makaɗin garaya ba shi da mai ɗaukar nauyi, saboda haka shi ake fara turawa zuwa lokacin da ba kowa ke saurare ba. Mawaƙin da ke da uban gida mai biya shi ake yawan ji.

Ta biyu ita ce adana tsofaffin muryoyi. Kaset da faifan zare suna lalacewa da zafi da ƙura, na'urorin kunna su kuma sun yi ƙaranci. Waƙar da aka ɗauka sau ɗaya, idan kaset ɗinta ya lalace kafin a juya shi zuwa kwamfuta, ta tafi ke nan. Wani ɓangare na abin da ya tsira yana hannun masu sayar da kaset na da da masu sha'awa da ke ɗora shi a YouTube da Facebook, sau da yawa ba tare da shekara ko sunan 'yan amshi ba.

Rashin tsaro a yammacin jihar, a ƙananan hukumomi irin su Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, ya rage tarukan dare, damben kaka da bukukuwan ƙauye inda ake samun sababbin makaɗa, ya kuma sa fita ɗaukar shiri a can ya zama kasada. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar don yaƙi da 'yan bindiga. A tsawon wannan lokaci mutanen yankin suna jin rediyo, amma ba su da halin kira su yi gaisuwa ko su zaɓi waƙa.