Cooke Speed Panchro: Tarihin Gilashin Fim da Masu Gyaransa

Cooke Speed Panchro jerin gilasan kyamarar fim ne, abin da masu sana'ar ke kira lens, waɗanda kamfanin Taylor, Taylor & Hobson ya ƙera a birnin Leicester na Ingila daga wajen 1930 zuwa shekarun 1960. Da hannu ake saita su. Babu inji a ciki, babu batir. Mutum ne ke murɗa zobe har fuskar ɗan wasa ta fito tar. An fi shekara hamsin da daina ƙera su, amma har yau ana hayarsu ana ɗaukar fina-finai, kuma masu gyara ne suka kawo su wannan zamani.

'Yan'uwa biyu, William da Thomas Taylor, suka kafa kamfanin a 1886. Sunan Cooke kuwa ya samo asali daga T. Cooke & Sons na birnin York, inda H. Dennis Taylor ya tsara gilashi mai falle uku a 1893, aka ba mutanen Leicester izinin ƙera shi da wannan suna.

Zuwan fim mai magana a ƙarshen shekarun 1920 ne ya haifar da Speed Panchro. Manyan fitilun da ake haska ɗakin ɗaukar fim da su a da suna tsartsar ƙara, makirfo kuma ba ya barin komai. Sai aka koma ga ƙwayayen lantarki marasa ƙara, waɗanda haskensu ya fi rauni kuma ya karkata zuwa ja. Dole aka nemi gilashi mai shan haske da yawa, wanda zai dace da sabon fim ɗin da ke ganin dukkan launuka. Horace W. Lee ya tsara shi, yana buɗewa har f/2, kuma Hollywood ta rungume shi hannu bibbiyu. A shekarun 1950 Gordon Cook ya sake lissafin don fitar da jeri na biyu, wanda shi ne aka fi nema a yanzu.

Sai an kalli yadda ake aiki da gilashin kafin a gane nauyin da ke kan mai gyara. Mataimakin mai kyamara yakan ja tef ya auna tazarar da ke tsakanin kyamara da ɗan wasa, ya sa alama a ƙasa, sannan ya murɗa zoben zuwa lambar da aka zana a jikinsa. A zamanin da ba a ganin hoto sai an wanke fim, wannan lambar ce kaɗai madogararsa. Idan zobe ya ce ƙafa shida alhali gilashin yana kan shida da rabi, aikin yini guda ya tashi a banza, kuma ba za a sani ba sai gobe.

Cututtukan tsohon gilashi sanannu ne. Giris ɗin da ke cikin zaren murɗawa yana bushewa ya daskare, ko ya narke ya malalo kan ganyayyakin da ke rage haske. Danshi yana kawo funfuna, wadda in ta daɗe takan ci fatar da aka shafa wa gilashin, ta bar tabon da ba ya goguwa. Fallayen da aka manne da ƙaron wata bishiyar Kanada sukan fara rabuwa daga gefe. Wanda ya ajiye kyamara a ƙasar Hausa ya san biyu daga cikin waɗannan: ƙurar hunturu da ke shiga giris ta mai da shi kamar yashi, da raɓar damina.

Wurin da ƙwarewa ke bayyana shi ne kwance zaren. Yana da bakin shiga fiye da ɗaya, don haka kafin mai gyara ya raba ɓangarorin biyu sai ya karce 'yar alama daidai inda suka saki juna. In ya manta, gilashin zai ɗauru sumul, amma duk lambobin sun goce. Bayan ya wanke tsohon giris ya shafa sabo, wanda bai yi kauri ba bai kuma yi ruwa ba, sai ya ɗora gilashin a na'urar gwaji ya duba ko yana kama abu mafi nisa. In da saura, ya cire bakin da ke shiga kyamara ya ƙara ko ya rage wasu siraran zobban ƙarfe da ba su kai kaurin takarda ba. A bakin PL da kamfanin Arri ya fito da shi a 1982, tazarar zuwa fuskar fim milimita 52 ce, kuma kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yana nunawa a allon sinima. A ganina wannan aikin bai gaza na wanda ya tsara gilashin daraja ba, ko da yake ba a rubuta sunan mai yinsa a ƙarshen fim.

Kyamarorin dijital sun dawo da kasuwar Panchro. Hotonsu ya yi kaifi har yana tona kowane ƙurji a fuska, sai masu ɗaukar hoto suka koma neman laushin tsofaffin gilasai. Amma asalin Panchro ƙanana ne, lambobinsu a cunkushe. Daga nan sabuwar sana'a ta bunƙasa: kamfanoni irin su True Lens Services a Ingila da P+S Technik a Jamus suna zare gilashin su gina masa sabon gida na ƙarfe, mai bakin PL, da haƙoran da na'urar murɗawa ke kamawa, da zobe mai dogon juyi don lambobin su wala.

Wasu daga cikin gilasan an haɗa su da sinadarin toriyom, wanda ke sa su yin rawaya da tsufa. Ana iya rage rawayar ta hanyar ajiye su kwanaki ƙarƙashin fitilar UV, sai dai akwai masu gilasan da ke roƙon a bar musu ita, domin launin da suke so ke nan. Kamfanin Cooke Optics, wanda ya rabu da Taylor, Taylor & Hobson ya tsaya da ƙafarsa a 1998 ya kuma karɓi lambar yabo ta Oscar a 2013, ya ga yadda ake rububin tsofaffin kayansa, sai a 2017 ya fitar da Panchro/i Classic, sabbin gilasai da aka ƙera don su ba da hoto irin na dā.