Injin Yankan Ƙarfe na Filasma: Mai Taransifoma Ko Mai Infata?

Yau kan ƙarfe za mu yi magana, kan injin yanka na filasma da ake gani a shagunan walda. Matashin da ya tara kuɗi zai sayi ɗaya, yana zuwa kasuwa zai tarar da iri biyu: tsohon yayi mai taransifoma, mai nauyin tsiya, da kuma mai infata wanda za ka rataya a kafaɗa. Kowanne yana da masu rantsuwa da shi. Ni a ganina, idan ka san yadda aka yi aka ƙera su, zaɓin zai yi maka sauƙi, don haka bari mu koma baya kaɗan.

A farkon ƙarni na 20, yankan gas ne sarki. Wasu injiniyoyin Faransa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, su suka fito da tocilan iskar oksijin da asitilin a wajajen 1903. Yadda yake aiki shi ne, ka gasa ƙarfen ya yi ja, sai oksijin ya ƙone shi ya ratsa. Wannan yana yi wa baƙin ƙarfe daidai. Amma alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa suna yin wani ɓawo a samansu mai jure zafi fiye da ƙarfen kansa, sai yankan ya cije.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, masu ƙera jiragen sama a Amurka suna neman hanyar haɗa ƙarafa marasa nauyi. A 1941 Russell Meredith na kamfanin Northrop ya fito da waldar da ake yi da tsinken tongistin ana rufe wurin da iskar gas. Daga cikinta filasma ta fito. A tsakiyar shekarun 1950, Robert Gage na sashen Linde a kamfanin Union Carbide ya lura cewa idan aka matse wutar waldar ta bi ta ƙaramin rami tare da gas, sai ta zama siririn harshe mai tsananin zafi da gudu. A 1957 ya samu takardar mallakar fasahar. Zafin wannan harshe yana haura digiri 20,000, yana narkar da ƙarfen, iskar kuma ta hure narkakken ta ƙasa. Duk ƙarfen da wutar lantarki ke bi ta cikinsa, filasma tana yanka shi.

Injinan farko na manyan masana'antu ne, masu cin wuta sosai da gas mai tsada. A 1968 Dick Couch da Bob Dean suka kafa Hypertherm a jihar New Hampshire, da dabarar fesa ruwa a bakin tocilan don yankan ya fita tsaf. Abin da ya sauko da filasma zuwa ƙananan shaguna shi ne amfani da iskar kwamfuresa kawai, bayan an samu tsinke mai ɗigon hafniyam a bakinsa wanda iskar ba ta saurin cinyewa. Zuwa shekarun 1980, ƙananan injina masu aiki da iska sun bazu.

A wancan zamanin, zuciyar injin taransifoma ce, wato dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da wayar jan ƙarfe. Dabara ce tsohuwa, tushenta binciken Michael Faraday na 1831. Ga inda nauyin ya samo asali: wutar da ake ba mu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Taransifomar da za ta ɗauki babban lodi a wannan saurin dole ta zama ƙatuwa. Shi ya sa irin waɗannan injina sai da taya, wasu ma sai mutum biyu ko uku sun kama.

Sai masu ilimin lantarki suka ce, to idan muka sa wutar ta riƙa juyawa sau dubu ashirin ko fiye a daƙiƙa fa? Iya saurin juyawar, iya ƙanƙancewar taransifomar da ake buƙata. Wannan shi ne infata: ta karɓi wutar gida, ta miƙar da ita, ta yayyanka ta da gudu ta hanyar ƙananan makunnai na lantarki, sannan ta bi da ita ta 'yar taransifomar da ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Kamfanin Kemppi na ƙasar Finlan ya nuna injin walda mai infata a 1977. A shekarun 1980 kuma makunnin da ake kira IGBT ya shigo kasuwa, wanda B. Jayant Baliga, injiniya ɗan asalin Indiya, ya taka babbar rawa wajen samar da shi a General Electric. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka karya farashi, har CUT-40 da CUT-50 suka cika kasuwanni. Lambar nan da kuke gani, ƙarfin ampiya take nufi.

To yanzu ga abin da nake so mu riƙe. An ƙera mai infata ne a ƙasashen da wuta ke zuwa daidai, kuma idan fanel ya ƙone akwai wakilin kamfani da zai canza shi. Wannan shi ne mazauninta na asali. Idan ta zo shagon da wuta ke hawa da sauka, ko janareto ke tari, ga ƙurar hunturu haɗe da garin ƙarfen da girandi ke watsawa, fanka tana zuƙo shi yana kwanciya a kan fanel, to an kai ta inda ba a shirya ta ba. Masu tsadar cikinsu suna da kariya daga hawa da saukar wuta, kuma an shafe fanel ɗinsu da abin hana ƙura. A masu arha, a nan ake rage kuɗin.

Mai taransifoma kuwa ba ta da kayan da ke saurin mutuwa. Tana jure duka, kuma idan koyil ya ƙone, mai naɗin koyil a Panteka ta Kaduna ko wata kasuwar ƙarfe zai iya farfaɗo da ita. Sai dai tana da nata harajin. Tana cin wuta fiye da infata a aiki iri ɗaya, tana fizgar lodi lokacin tashi, manyan cikinsu kuma layi uku suke buƙata. Idan da janareto kake aiki, wannan bambancin a kuɗin mai za ka gan shi kowane wata. Ga shi ba za ka hau da ita saman gini ka yanka rodi ko faranti ba.

Saboda haka kafin ka biya, tambayi kanka abubuwa huɗu. Na farko, wace irin wuta nake da ita? Idan janareto ne, ya kasance mai daidaita wuta kuma ƙarfinsa ya zarce na injin da rata mai kyau. Na biyu, wa zai gyara min a garin nan, kuma akwai fanel ko IGBT ɗinsa a kasuwa? Na uku, duba abin da aka rubuta na juriyar aiki. Ana auna shi ne a kan minti 10, idan an ce kashi 60, to minti 6 na yanka ne, minti 4 na hutu. Na huɗu, bakin tocila da tsinkensa suna cinyewa kullum, don haka ka ɗauki irin tocilan da ake samun kayansa a kusa, kamar PT-31 ko P80.

Akwai kuma abin da ya shafi dukansu: iska. Kwamfuresa tana tara ruwa, musamman da damina, kuma ruwa ko mai a cikin iska yana cinye bakin tocila da wuri, ya ɓata yanka. Matatar ruwa 'yar kuɗi kaɗan ce, amma tana ceton injin mai tsada.

Idan kuka tambaye ni, mai shago a wuri ɗaya da ke yanka faranti masu kauri tun safe har yamma, yana da wuta mai ƙarfi, mai taransifoma za ta daɗe tana yi masa bauta. Mai ƙera ƙofofi da tagogi da ke yawo da kayansa wuraren gini, infata ce tasa, amma ya ƙara kuɗi ya sayi mai suna da garanti, ya riƙa hure mata ƙura da busasshiyar iska. Arha ba ta ado, in ji Hausawa.

Kasuwar duniya dai ta riga ta karkata ga infata, yawancin sabbin injinan hannu da ake ƙerawa yanzu ita ce a cikinsu. Ma'ana, nan gaba shagunan waldarmu za su ƙara buƙatar masu gyaran fanel. Duk matashin da ya karanci lantarki yana zaune yana jiran takardar aiki, ga sana'a nan a buɗe.

Masu walda da ke bibiyar mu, ku faɗa mana wanne kuke amfani da shi da kuma shekara nawa ya yi muku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.