Tarihin Cron: Ɗan Aiken da Ya Shekara Hamsin Yana Duba Agogo

Idan kana kula da sabar Linux, ka san akwai ayyukan da ba sa ƙarewa: kwafe bayanai a ajiye kowane dare, share tsofaffin fayiloli, tura rahoto duk ranar Juma'a. Manhajar da ke yi maka waɗannan kana barci sunanta cron. Yau tarihinta za mu bi, domin in ka san gidan da aka haife ta, za ka gane dalilin da ya sa wani lokaci take ba mu kunya a nan wajenmu.

Labarin ya faro ne a Bell Labs da ke Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a 1969. A 1975 cron ta bayyana a cikinsa. Aikinta ba wuya: ta farka duk minti ɗaya, ta duba jadawalin da ke cikin fayil ɗin crontab, in akwai aikin da lokacinsa ya yi ta gudanar, sannan ta koma ta kwanta. A wancan zamani shugaban kwamfutar kaɗai take yi wa aiki.

Da aka gwada buɗe ta ga kowa a Jami'ar Purdue, kan wata kwamfuta ƙirar VAX mai masu amfani kusan ɗari, sai nauyi ya yi wa na'urar yawa. Ɗalibai biyu, Robert Brown da Keith Williamson, suka sake mata dabara: maimakon leƙen jadawalin kowa duk minti, ta lissafa aikin da ke gaba, ta yi barci sai lokacinsa ya zo. Wannan ta fara aiki a ƙarshen 1979. A 1987 kuma Paul Vixie ya fitar da tasa, wadda daga baya akasarin nau'o'in Linux suka ɗauka. Har cronie da Red Hat ke amfani da ita, daga ta Vixie aka tsago ta.

Duk wannan sauyi, tsarin rubutun bai canja ba. Gurbi biyar ne: minti, awa, ranar wata, wata, sai ranar mako. Rubuta crontab -e, ka saka wannan layi:

0 2 * * * /home/ajiya.sh

Ma'anarsa, a gudanar da ajiya.sh da ƙarfe 2 na dare kullum. In ka mai da tauraron ƙarshe 5, ya koma Juma'a kaɗai.

To, ga inda gizo ke saƙar. An gina cron ne don manyan kwamfutocin jami'a da kamfani waɗanda ba a kashewa. Saboda haka ba ta san ramuwa ba. In lokacin aiki ya zo kwamfuta na kashe, shi ke nan, ya wuce sai gobe, kuma ba za ta ce maka uffan ba.

Yanzu ka ɗauka kana riƙe da 'yar sabar wata makaranta ko shagon magani a Karaye, ko Rogo, ko Daura ta wannan yanki. Ƙarfe 2 na dare an ɗauke wuta, janareta na kashe, batirin sola ya sauka. Kana nan hankali kwance cewa akwai kwafin ajiya, alhali an yi makonni ba a yi ko ɗaya ba. Sai ranar da faifan ajiya ya lalace za ka sani, sakamakon ɗalibai ko lissafin bashi ya tafi.

Ba mu kaɗai muka ci karo da wannan ba. Da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta shiga kwamfutocin gida da ake kashewa da dare, sai aka ƙirƙiro anacron. Ita kwanaki take ƙirgawa, tana rubuta ranar da ta yi kowane aiki, in an kunna na'ura ta ga an tsallake sai ta rama. Daga baya systemd, da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar a 2010, ya zo da nasa mai ƙidayar lokaci. Sanya Persistent=true a ciki, aikin da aka rasa zai gudana da zarar an kunna.

Shawara a nan: in sabarka ba ta samun wuta dare da rana, ka mai da muhimman ayyukanka kan anacron ko systemd, ko ka sa su lokacin da ka tabbata na'ura na kunne, misali bayan Azahar. In kuma sabar haya ce a intanet, rubuta date ka duba agogonta, don da yawa kan UTC suke, Najeriya kuwa na gaba da shi da awa ɗaya.

Kafin ka kwanta yau, buɗe inda kwafin ajiyarka yake, ka duba kwanan watan fayil na ƙarshe. Mu haɗu a darasi na gaba, in sha Allah.