Cocin Wusasa: Tarihinsa da Tsarin Gininsa

Gabatarwa

Cocin Saint Bartholomew yana garin Wusasa ne, a gefen birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena, cikin Jihar Kaduna. Yana daga cikin tsofaffin wuraren ibadar Kirista a Arewacin Nijeriya. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne da ƙasa aka gina shi, bisa tsarin magina Hausawa. Dalilin kawo bayaninsa ga jama'ar ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari shi ne a ga yadda ginin ƙasa ke daɗewa muddin ana kula da shi.

Tarihi

A shekarar 1905 ne Likita Walter Miller, na ƙungiyar mishan ta CMS daga Ingila, ya zauna a cikin birnin Zariya, inda ya riƙa ba da magani da koyar da karatun boko. Daga baya aka mayar da aikin mishan ɗin bayan gari, zuwa Wusasa, aka kuma gina cocin a shekarar 1929. An ba shi sunan ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS) su goma sha biyu. Makaranta da asibiti sun kafu a kewayensa, har garin ya yi suna wajen ilimin zamani. A Wusasa ne Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, ya tashi. Haka kuma Likita Miller ne ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932.

Tsarin Gini

An ta da bangayen cocin da tubalin ƙasa, masu kauri sosai. Kaurin nan ne ke ɗaukar nauyin rufi, shi ne kuma ke sa cikin ɗakin ya yi sanyi lokacin bazara.

Babbar matsalar maginin ƙasa ita ce rufe fili mai faɗi, domin azara guda ba ta iya haye shi ba tare da ta lanƙwashe ba. Magina Hausawa sun magance wannan da bakan gizo. Ana kafa azara a jikin bango daga ɓangarori biyu, a riƙa ɗora wata bisa wata ana ɗaurewa, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Da wannan dabara aka samu zauren da zai ɗauki taron masu ibada. Ita azara daga itacen giginya ake tsaga ta, kuma gara ba ta cika cin ta ba.

Wannan fasaha ta girmi cocin nesa ba kusa ba. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan shekara ɗari kafin a gina cocin Wusasa.

Darasi Ga Yankinmu

Yankinmu ma yana da wuraren tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. A garuruwa da ƙauyuka akwai tsofaffin masallatai da zaurukan sarakuna na ƙasa, waɗanda babban abokin gabarsu shi ne ruwa. Don haka ya kamata a lura da waɗannan abubuwa:

1. A sabunta yaɓen bango da na rufi kowace shekara kafin faɗuwar damina.
2. A gyara indararo, a kuma hana ruwa kwanciya a gindin bango.
3. A guji shafe bangon ƙasa da siminti, domin yana riƙe danshi a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa ba a sani ba.
4. A nemi shawarar tsofaffin magina kafin a rushe ko a sauya wani sashe.

Ana kira ga iyayen ƙasa, hakimai, kansiloli da ma'aikatan sashen ayyuka na ƙananan hukumomi da su rubuta sunayen irin waɗannan gine-gine da ke yankunansu, tare da tarihinsu daga bakin dattawa, tun waɗanda suka san shi suna raye.