Kakar 2008 da Yadda Kano Pillars Ta Zama Masu Gida

An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars a shekarar 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru. Kafin wannan lokaci Kano ba baƙuwa ba ce a harkar tamaula. Zaɓaɓɓun 'yan wasan birnin sun ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1953, Raccah Rovers kuma ta zama zakaran gasar ƙasa a 1978. Amma sabuwar gasar tana bukatar kuɗi da tsari, ga albashin 'yan wasa, ga tafiye-tafiye zuwa kudu, abin da ya fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi. Saboda haka aka haɗe guda uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da ɗaya mai ɗauke da sunan jiha. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki. Gwamnatin Kano ce ke riƙe da ƙungiyar, don haka mai sauraron sharhin wasa a rediyo daga Ƙaraye ko Rogo yana da haƙƙi a cikinta daidai da ɗan Fagge.

Shekara goma sha bakwai na farko sun wuce ba kofi. Abin da aka gina a cikinsu shi ne kwarjinin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ranar wasa, tun azahar ake cika filin, ana sanye da ɗorawa da kore, masu ganga na kiɗa, jama'a na amsa kirarin da ya zame wa ƙungiyar suna: Sai Masu Gida. Daga watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta Legas ta yi nasara a Kano, babu wata ƙungiya da ta sake cin Pillars a gida a wasan gasar ƙasa har tsawon shekara goma sha biyu.

Wannan ne ginshiƙin kakar 2007 zuwa 2008. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowacce da wasa 38, rabi a gida rabi a waje. A gasar Najeriya ta wancan zamani cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai, saboda doguwar tafiya a mota, da lalacewar filaye, da matsin da 'yan kallo ke yi wa alƙalan wasa. Ƙungiyar da ta tattara makin gidanta, sannan ta tsinto canjaras nan da can a waje, ita ke kaiwa gaci. An ɗauko Kadiri Ikhana, kocin da ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, shi kuwa ya san wannan lissafi ciki da bai. A ƙarshen kaka Pillars ta zo ta ɗaya, Heartland ta Owerri tana biye da ita. Shekara talatin ke nan cif rabon da kofin ya kwana a Kano.

Nasarar ta buɗe ƙofar gasar zakarun Afirka ta 2009, kuma a nan ne aka yi abin da magoya baya ba su daina ba da labarinsa ba. Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. An tashi 1-1 a Najeriya, aka tashi 2-2 a Alƙahira, sai yawan ƙwallayen waje ya fitar da Al Ahly. Daga nan Pillars ta jagoranci rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya. A wasan kusa da na ƙarshe sai ga Heartland kuma, wadda ta zuba mata 4-0 a Owerri, ta ƙara da 1-0 a karo na biyu. Har yau Pillars ba ta sake kaiwa wannan mataki ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa 2008 ba dace ba ne. A kakar 2009 zuwa 2010 matashi Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, kafin VVV-Venlo ta Holan ta saye shi. Ƙungiyar ta ɗauki kofi a 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, ta ƙara a 2014 a hannun Okey Emordi, da 'yan wasa irin su Rabi'u Ali Pele da Gambo Mohammed. Kafin ita, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne kaɗai suka taɓa jera kofi uku.

Shekarar 2015 ta zo da jarrabawa. A watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar. A watan Agusta Nasarawa United ta zo har Ƙofar Mata ta ci 2-1. Kofin ƙalubale na 2019, da aka samu a Kaduna bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenariti, ya share hawaye, amma bai dawo da tsohon ƙarfi ba. A 2022 rikicin 'yan kallo a wasa da Katsina United ya jawo aka zaftare wa ƙungiyar maki uku, aka kuma kai wasanninta na gida Abuja. Ƙungiyar da aka gina a kan ƙarfin gida ta rasa gidan, ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar. Ta dawo babbar gasa a 2023, kofunan gasar da ke hannunta kuwa huɗu ne, na ƙarshensu na 2014.