Daga Otal ɗin Grand Zuwa Bangon Unguwa: Tarihin Baje Kolin Zane a Khartoum da Omdurman

Duk Bahaushen da kakanninsa suka taɓa tafiya Makka a ƙasa ya san sunan Omdurman, ko da bai taɓa taka ta ba. Garin yana gaɓar yamma ta Kogin Nilu, yana fuskantar Khartoum, kusa da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Ruwa ne kawai ya raba su, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Khartoum garin hukuma ne, garin ofisoshi da otal-otal, wanda Turawan Ingila suka sake shata wa tituna bayan yaƙin Karari na 1898. Omdurman kuwa garin jama'a ne, na gidajen ƙasa da lunguna da babbar kasuwa, wanda ya bunƙasa tun da mabiya Mahadi suka mai da shi hedikwatarsu a 1885. Tarihin baje kolin zane-zane a Sudan, in aka bi shi sannu a hankali, labari ne na kai-kawo tsakanin waɗannan gaɓoɓi biyu, kuma tambaya ɗaya ce take ta dawowa a cikinsa: wa ake yi wa zanen?

Kafin a san wani abu wai shi ɗakin baje koli, unguwannin Omdurman suna da nasu wuraren nuna gwaninta. Akwai gidajen biki, akwai zikirin yammacin Juma'a na 'yan Ƙadiriyya a hubbaren Shehu Hamad al-Nil, akwai kuma makarantun allo da suke kira halwa, inda almajiri yake ƙawata allonsa da zayyana mai launi idan ya kai wani mataki a karatu. Mutanenmu suna cikin wannan hidima tun farko. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Fallatiya, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito, mahaifinta kuma malamin allo ne. A gidajen biki ta fara waƙa, kafin muryarta ta shiga Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, a zamanin da ake ganin abin kunya ne mace ta yi waƙa a bainar jama'a. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa har rasuwarta a 1974.

Zanen zamani na fenti da burushi ta wata ƙofa ya shigo. A tsakiyar shekarun 1940 aka buɗe sashen koyar da zane a Kwalejin Gordon da ke Khartoum, a ƙarƙashin wani malami Bature, Jean-Pierre Greenlaw, kuma wannan sashe ne daga baya ya zama kwalejin zane-zane ta ƙasar. Cikin ɗalibanta na farko-farko akwai Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a 1930 a unguwar Abbasiyya ta Omdurman, ɗan malami, da ya fara riƙe alƙalami a makarantar allon mahaifinsa. A 1954 ya tafi makarantar Slade da ke Landan, ya dawo a 1957, shekara guda bayan Sudan ta sami 'yancin kai.

Da ya dawo sai ya baje ayyukan da ya yi a Landan a Otal ɗin Grand, babban masaukin baƙi da ke bakin kogi a Khartoum. Zanen fuskoki ne da shimfiɗar ƙasa, irin wanda malamansa na Ingila suka yaba. Aka zo bikin buɗewa, aka watse, jama'ar gari ba su waiwayi wurin ba. El-Salahi ya sha ba da wannan labari a hirarrakinsa, domin nan ne rayuwarsa ta juya. Bai ɗora laifin a kan jahilcin mutane ba. Sai ya shiga gidaje da kasuwanni da ƙauyuka yana duba abin da 'yan Sudan suke ratayewa a bango da abin da suke kashe wa kuɗinsu. Ya tarar da ayoyi cikin kyakkyawan rubutu, da faifan rufe abinci mai launi, da tabarmi, da ƙorai masu zane, da aikin fata, da allo. Ya gane cewa mutanensa ba su rasa idon ganin kyau ba, shi ne ya zo musu da baƙon harshe.

Daga nan ya koma kan harafin Larabci, yana warware shi, yana miƙar da shi, har fuskoki da dabbobi da jinjirin wata suka riƙa fitowa daga cikinsa, da launukan ƙasar Omdurman: ja, baƙi, fari da ruwan ƙasa. Ahmed Shibrain, wanda aka haifa a Berber a 1931, ya bi irin wannan hanya da tawada da katako. Usman Waqialla ya riga su fara sarrafa rubutu a matsayin zane. Kamala Ibrahim Ishaq, haifaffiyar Omdurman a 1939, ta shigo da duniyar mata, musamman taron zar, wanda Bahaushe zai gane shi nan take domin ɗan'uwan bori ne. Wannan tafiya ce aka sa wa suna Makarantar Khartoum.

Mai karatu zai so ya san cewa a daidai wannan lokaci ana irin wannan muhawara a Zariya. A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suna neman a haɗa dabarun Turai da zanen gida. Ba a daɗe ba hanyoyin biyu suka haɗu: a farkon shekarun 1960 an nuna ayyukan El-Salahi a Mbari, kulob ɗin marubuta da masu zane na Ibadan.

Sai dai komawa ga allo bai kashe tambayar ba. A shekarun 1970 Kamala Ishaq da wasu ɗalibanta, cikinsu har da Muhammad Hamid Shaddad, suka fitar da wata sanarwa suna sukar Makarantar Khartoum, suna ganin ta mai da gado wani kayan ado da hukuma take tinƙaho da shi. Ita kuma hukumar ta nuna iyakar ƙaunarta. A watan Satumba na 1975, lokacin El-Salahi yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Ja'afar Numeiri ta kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ta tsare shi wata shida a gidan yarin Kober ba tare da shari'a ba. A can yana zane a ɓoye a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti, yana binne su a rairayi idan gandiroba ya doso. Bayan an sake shi ya bar ƙasar, ya zauna a Katar, daga baya ya koma Oxford. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya masa babban baje kolin ayyukan rayuwarsa. Wanda bai sami 'yan kallo a bakin Nilu ba ya same su a bakin Kogin Thames, amma nesa da Abbasiyya.

Juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989 ya ƙara ƙuntata fili. Masu zane da yawa suka yi ƙaura, waɗanda suka rage kuma suka dogara da cibiyoyin al'adu na Faransa da Jamus, da 'yan ɗakunan baje koli masu zaman kansu, irin cibiyar da Rashid Diab ya buɗe bayan dawowarsa daga Sifen. Masu saye galibi ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne da na ƙungiyoyin agaji. Wato matsalar Otal ɗin Grand ta dawo da sabuwar riga. A Omdurman, cibiyar al'adu ta Abdulkarim Mirghani da ɗakin karatunta ta riƙe wa mutanen unguwa ƙofa a buɗe. A 2012 kuma wasu marubuta, cikinsu har da mawaƙi Mamoun Eltlib, suka fara taron Mafrush a dandalin Atine da ke tsakiyar Khartoum. Ma'anar kalmar ita ce abin da aka shimfiɗa. Ranar Talatar farko ta kowane wata ake shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, masu zane su jingina ayyukansu, makaɗa su zo da kayansu, ba tikiti, ba mai gadi. A 2015 hukuma ta hana taron.

Abin da aka hana a dandali ɗaya ya ɓarke a gari duka. Zanga-zangar da tsadar burodi ta tayar a watan Disamba na 2018 ta kai ga zaman dirshan a gaban hedikwatar soja daga 6 ga Afrilu 2019, kuma ranar 11 ga watan aka sauke al-Bashir. Cikin makonni takwas bangayen wannan yanki suka zama baje koli mafi girma da Sudan ta taɓa gani. Ɗaliban kwalejin zane da waɗanda ba su taɓa riƙe burushi ba suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, ana karo-karon kuɗin fenti, irin aikin gayyar da 'yan Sudan suke kira nafir. Alaa Satir ta zana jerin mata masu zanga-zanga, Galal Yousif ya yi manyan zanensa a bango. Assil Diab kuwa ta bi unguwa-unguwa tana zana fuskokin matasan da aka kashe a jikin bangon gidajen iyayensu, da yardar iyalan. A nan babu wanda ya tambayi wa ake yi wa zanen: uwar mamaci tana zaune a ƙofar gida, maƙwabta suna kawo shayi.

Ranar 3 ga Yuni 2019, a ƙarshen azumi, jami'an tsaro suka tarwatsa zaman. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe mutum fiye da 100. Ba a jima ba aka bi yawancin zanen wurin aka shafe da fenti. Na cikin unguwanni irin Burri da Abbasiyya sun fi daɗewa, domin shafe su yana nufin tsayawa a ƙofar gidan mutane. A shekarun da suka biyo baya sababbin ɗakunan baje koli suka buɗe, irin Downtown Gallery ta Rahiem Shadad, kuma matasan gari suka fara shiga kallo.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya katse wannan duka. Masu zane suka bar ɗakunan aikinsu da ayyukan shekaru, suka watsu zuwa Alƙahira da Nairobi da Kampala. Gidan rediyo da talabijin na Omdurman, inda taskar muryoyin ƙasar take, ya zama sansanin yaƙi har zuwa Maris 2024. Da sojoji suka karɓe tsakiyar Khartoum a Maris 2025, jami'an adana kayan tarihi suka tarar an wawushe Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1971. Abin da aka tara a gini ɗaya ya tafi. Abin da ya rage shi ne wanda yake hannun jama'a: kwamitocin unguwanni da suka yi hidimar juyin 2019, daga cikinsu ne aka sami matasan da suke dafa abincin sadaka a tukwanen gayya da ake kira takaya, masu zanen da suka yi hijira kuma suka ci gaba da haɗa baje koli a inda suka sauka.

A ƙarshen rayuwar aikinsa El-Salahi ya daɗe yana zana wata bishiya ta bakin Nilu da suke kira haraza. Gawo ne, wanda kowane manomi a ƙasar Hausa ya san halinsa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Zanen Khartoum da Omdurman ya yi irin wannan hali, domin ya fi yin ganye a lokutan da hukuma ta janye masa inuwa.

Mu ma muna da namu Otal ɗin Grand. Ana shirya baje koli a manyan zaurukan Abuja da harabar jami'o'i, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, mutanen Fagge da Tudun Wada ba su ma ji labari ba. Alhali masu zayyanar allo suna nan a tsangayu, magina masu zanen bango suna nan a birnin Zariya, dukawa suna nan a Kano, ga masu fentin manyan motoci da Adaidaita Sahu. Duk mai niyyar shirya baje koli a garuruwanmu, kafin ya kama hayar zaure, ya fara zuwa wurin mai unguwa ya tambayi wane bango za a ba shi, da kuma su wa suke zane a lungun.