Belle Moore da Asalin Iyon Mata a Sikotilan

Duk mai son sanin musabbabin shigar matan Sikotilan fagen iyo, wajibi ne ya fara duba halin da birnin Gilasgo yake ciki a ƙarni na 19, zamanin da masaƙu da maƙeran jiragen ruwa na bakin kogin Kilaid suka tara talakawa cikin cunkoso, sau da yawa iyali guda a ɗaki guda, babu makewayi na kirki balle wurin wanka, har annobar kwalara ta sha afka musu. Domin maslahar lafiyar jama'a ne mahukuntan birnin suka shiga gina gidajen wanka da wanki tun daga shekarun 1870, aka haɗa su da tafkunan iyo. Kuma ko da yake 'yan sa'o'i ƙalilan ake keɓe wa mata, alhali maza na da sauran mako, wannan 'yar kafa ita ce ta ba 'ya'yan talakawa damar da iyayensu mata ba su taɓa samu ba.

A cikin wannan hali aka haifi Isabella Moore, wadda aka fi sani da Belle, ranar 23 ga Oktoba 1894, ita ce ta takwas cikin 'ya'ya tara. Tun tana ƙarama ta lizimci ruwa, har ta zama mai koyar da iyo tana 'yar shekara 17.

A 1912 ne aka fara yarda mata su yi tseren iyo a wasannin Olamfik, a birnin Sitokholm na Suwidin, duk da cewa Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da wasannin, bai ɓoye ƙyamarsa ga shigar mata ba, Amurka ma ba ta tura ko mace ɗaya ba. Ba a tafkin gini aka yi ba, a'a, wani sashe na ruwan teku mai sanyi aka killace, tsawon mita 100. A tseren mutum ɗaya Belle ba ta kai zagayen ƙarshe ba, Fanny Durack ta Ostareliya ce ta yi galaba. Amma ranar 15 ga Yuli, a tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, ita da Jennie Fletcher da Annie Speirs da Irene Steer suka gama cikin minti 5 da daƙiƙa 52.8, suka ci lambar zinariya tare da kafa tarihin duniya, Jamus na biye, sannan Ostiriya. A ganina darajar wannan nasara tana ƙaruwa idan aka tuna cewa Jennie Fletcher yini take yi a masana'antar tufafi a birnin Lesta, sai bayan an tashi aiki take samun shiga ruwa.

A 1919 Belle ta auri George Cameron, mai zanen jiragen ruwa, suka yi ƙaura zuwa jihar Maryland ta Amurka, inda ta ƙarar da rayuwarta wajen koya wa dubban yara iyo, hidimar da ban ɗauke ta ƙasa da lambar zinariya ba, tunda ilmi ne mai tsare rai daga halaka. Ta rasu a Baltimore ranar 7 ga Maris 1975, kuma sai a 2021, bayan shekara 109 da nasarar Belle, aka sake samun wata 'yar Sikotilan, Kathleen Dawson, da ta ci zinariyar iyo a wasannin Olamfik na Tokiyo.